Rubutun Bayan Galan

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina tsayuwa a bayan kanta a kantin magani, kuma da wuya rana ta faɗi ban yi wa wani faɗa a kan launi ba. Mutum zai shigo da gadararsa, ya dafa kanta ya ce, "Ba ni jar ƙwayar nan ta ciwon kai." Sai in ce masa jajayen ƙwayoyi a shagon nan sun fi ashirin, akwai mai sauke ciwon kai, akwai kuma mai kwantar da mai kan gaba ɗaya. Masu haƙuri su yi dariya, marasa haƙuri su ce na cika tsiwa. Ni dai ba na miƙa wa kowa kwali sai na juya bayansa na karanta, ko da na sayar da irinsa sau dubu. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce abin da na yi wa mahaifina rashin sani ne.

Baba bakanike ne, irin mutanen da, waɗanda suke kara kunne a jikin inji su faɗa maka abin da ke damunsa. Tun da bayansa ya fara ciwo ya daina karɓar motocin mutane, ya sallami ma'aikatansa, garejin da ke manne da gidanmu ya koma ɗakin mota ɗaya tak. Kurciya muke ce mata saboda launinta. Ta girme ni da shekara tara. A mace ya saye ta, shekarar da ya auri Umma, ya tashe ta da hannunsa noti bayan noti, kuma a cikinta aka kawo ni gida daga asibiti.

Injinta na alminiyam ne, ba baƙin ƙarfe ba, kuma wannan karatun babu ɗan gidanmu da bai haddace shi ba. "Injin baƙin ƙarfe jaki ne," in ji Baba. "Ka dake shi, ka bar shi da ƙishirwa, gobe ya tashi ya yi maka aiki. Wannan kuwa ba ya yafe zafi. Sau ɗaya ya tafasa da gaske, kansa ya lanƙwashe, to sai dai ka yi masa addu'a." Kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da daina yin irinta, kayanta sun ɓace a kasuwa. 'Yar'uwarta ɗaya da ta rage a garin tana bayan gidan wani maƙwabcinmu, a kan duwatsu, kaji suna kwana a cikinta. Duk sanda muka bi ta wurin, Umma takan kawar da kai.

Umma malamar firamare ce, kuma ruwan Kurciya aikinta ne. Ba ta yarda ruwan famfo ya shiga lagireto ba, ta ce yana da gishiri-gishirin da ke cin alminiyam ta ciki. In damina ta sauka, sai ta bari ruwan farko ya wanke kwanon rufi, sannan ta jera robobi a ƙarƙashin indararo, ta tace da farin ƙyalle, ta ɗura a jarkoki. Ita take zuwa kasuwar kayan mota ta sayo koren ruwan sanyaya inji da ake haɗawa da shi, ta auna rabi da rabi, ta juye a wani tsohon farin galan marar rubutu. A hannun galan ɗin ta ɗaura yankin tsohon ɗankwalinta. Baba ba ya tambaya. In lokacin canji ya yi, sai ya ɗauko mai ƙyallen ya zuba. Mu yara mun ɗauka tsirfa ce irin ta malaman makaranta, waɗanda ba sa iya ganin abu ba su tsara shi ba.

Suna da wata ɗabi'a kuma. Da safe, bayan an sha shayi, sai su shiga motar su zauna a gareji, shi a mazaunin direba, ita a gefe, da ɗaya daga cikin manyan littattafan gyaran mota da ya cika kantar garejin da su. Ita tana karantawa tana fassarawa, shi ya saka tabarau ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Na sha tsokanarsa in ce, "Baba, wane irin ɗalibi ne kai, ka saka tabarau ka rufe ido?" Sai Umma ta ce in fita in ba su wuri, idon babana na aiki ne, ba a ɓata shi a kan takarda. Ran Asabar da yamma kuma su hau titin da ke hawa tudu har wajen babban tankin ruwan gari, su zauna suna kallon rufin gidaje, su dawo kafin magariba.

Ciwon Umma bai yi wata huɗu ba. Ranar da likitoci suka ce a mayar da ita gida, Baba ya ƙi motar asibiti, ya kwantar mata da kujerar gaba. Ina baya ina riƙe da ledar magungunanta. Da muka zo daidai bayan gidan maƙwabcin nan, ta buɗe ido ta dubi motar da ke kan duwatsu.

"Malam," ta ce, "kada ka bari kaji su kwana a cikin tamu."

"Ba ina raye ba," in ji Baba.

Kwana tara bayan nan ta rasu. Na yi kuka har na gaji, na koma gidana da aikina, domin ni ina da wurin komawa. Baba bai da shi. Abin da ya riƙe shi a tsaye shi ne motar nan. Kullum da safe zai tashe ta, ya bar ta ta yi ɗumi, ya zauna a ciki da kofin shayinsa. Ran Asabar ya hau tudu shi kaɗai. Muddin injin nan yana tashi, Baba yana da dalilin saka takalmi. Kowa a gidan ya san haka, ni ma na sani.

Galan mai ƙyalle ya kai shi shekara ɗaya da 'yan watanni, sannan ya ƙare. Wata Asabar da safe ya kira ni a waya.

"Uwata, ki zo ki raka ni kasuwar kayan mota."

Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa aka saka mini, in kuma yana son tsokana ya ce Likita. Ranar ba na cikin yanayin ko ɗaya. Abokiyar aikina ba ta da lafiya, ni zan buɗe kanti ƙarfe goma, ga motar kawo kaya tana hanya. Na ce a raina, mutumin da ya yi shekara arba'in yana shiga kasuwar nan kamar tsakar gidansa, yau shi ne yake neman ɗan rakiya? Na ɗauka kaɗaici ne. Na je, amma da fuskar da ke nuna alfarma nake yi.

Shagon da Umma take sayayya ya koma na sayar da wayoyi. Muka shiga wani sabo, mai ƙofar gilashi da fanka. A bango guda an jera galan-galan tun daga ƙasa har sama: ja, ruwan hoda, rawaya, shuɗi, kore. Baba ya tsaya a gabansu ya daɗe. Mai shagon ya taso da fara'arsa.

"Baba, na wace mota?"

"Tsohuwa ce. Injin alminiyam, lagireton tagulla."

"Ai duk suna yi. Wannan shi ne sabon yayi, shi kowa yake saye." Ya sauko da wani kore ya miƙa masa.

Baba ya karɓa, ya juya shi, ya kai shi kusa da fuska, ya nisanta shi. Sannan ya shafa aljihun rigarsa, ya shafa na wando.

"Ka ga tsufa ko," ya ce. "Na manta tabarau. Uwata, karanta mini bayan nan."

A daidai lokacin wayata ta ɗauki ƙara, direban motar kaya ne yana cewa ya iso ƙofar kanti. Na maƙale wayar a kafaɗa, na karɓi galan ɗin da hannu ɗaya, na ɗaga shi wajen haske.

"Kore ne, Baba. Ba kore Umma take saye ba?"

"Kore ne. Amma me aka rubuta?"

Na kalli manyan haruffan gaba. "An ce yana kare inji, kuma yana shekara biyar ba a canza ba."

"Bayan fa? Uwarki baya take karantawa."

Na juya shi. Rubutu ne ƙanana-ƙanana, layi ya fi talatin, a cunkushe. Direban yana ta magana a kunnena. Na bi shi da ido daga sama zuwa ƙasa, irin kallon da ba ya ɗaukar komai.

"Duk abu ɗaya ne, Baba. Ba matsala."

Ya dube ni ɗan lokaci. Har yau ina ganin kallon nan.

"To," ya ce. "Tunda kin karanta."

Ya koma gida ya haɗa shi da sauran ruwan saman da Umma ta bari, ya juye a galan mai ƙyalle. Da yake ya ɗauka irin na da ne, bai wanke cikin injin ba. Ya zubar da na lagireto kawai, ya cika da sabo a kan ragowar tsohon, kamar yadda ya saba.

Wata biyu babu abin da ya faru. A na uku allurar zafi ta fara wuce inda take tsayawa. Ranar Lahadi nake zuwa gaishe shi, sai na riƙa tarar da shi rabin jikinsa a cikin bonet, da wannan bayan nasa mai ciwo.

"Zazzaɓi take yi, Likita," ya ce mini. "Ba ki da ƙwayar da za ki ba ta?"

"Ja ko fara?" na ce, muka yi dariya.

Ya canza fanbel. Ya canza murfin lagireto. Ya kwance famfon ruwa ya shimfiɗa shi gunduwa-gunduwa a kan jarida, bai ga laifinsa ba, ya mayar. In ya buɗe murfi ya leƙa, ruwan sama-sama kore ne shar, sai ya rufe. Na lura ya rame, na lura shayinsa yana hucewa a kan benci bai sha ba. Na kawo masa maganin ƙarin jini da man shafawa na baya. Ko sau ɗaya galan ɗin nan bai faɗo mini a rai ba, alhali yana nan a kan kanta, sabon kusa da mai ƙyalle, ina wuce shi duk mako.

A wata na biyar, wata Asabar da la'asar, Kawu ya kira ni. Kawu ba ɗan'uwanmu ba ne na jini, mai walda ne, abokin Baba tun suna koyon sana'a, kuma bai taɓa kirana a waya ba sai ranar.

"'Yata, ki zo gida. Babanki lafiyarsa ƙalau, kada ki tayar da hankali. Motar ce."

A kan tudu abin ya faru, a inda titin ya matse, rami a dama, manyan motoci a baya. Allura ta tashi lokaci guda ta kwanta a ja, babu wurin tsayawa. Kafin Baba ya samu inda zai raɓe, tururi ya rufe gilashi, injin ya yi wata ƙara ya mutu. Da igiya Kawu ya jawo su. Na tarar da Baba a kan benci a gareji, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi. Na gaishe shi ya amsa, na kawo ruwa ya karɓa ya ajiye a ƙasa.

Washegari da safe suka buɗe ta, ni ina tsaye a bakin ƙofa. Da Kawu ya cire tiyon ƙasa, abin da ya fito ba ruwa ba ne. Wani abu ne mai kauri, ruwan ƙasa, yana yauƙi kamar sabulun da ya kwana a cikin ruwa. Ya toshe rabin lagireto, ya toshe ƙananan hanyoyin da ruwa yake bi a cikin injin. Suka kwance kan injin su biyu, suka ɗora shi a kan faifan gilashi don su ga ko ya lanƙwashe. Ba sai an auna ba. Daga inda nake ina hango haske yana wucewa ta ƙarƙashinsa. Kawu ya goge shi da tsumma, ya bi wani siririn layi da farce, ya yi tsaki a hankali.

"Lanƙwasa ana gogewa," ya ce. "Tsagewa ina iya liƙewa. Amma ka ga nan? Zafi ya cinye ƙarfinsa. In na sa masa wuta, wani wurin zai buɗe." Ya dangwalo abin nan mai yauƙi ya murza a yatsa. "Malam, me ka zuba mata?"

Baba bai dubi inda nake ba.

"Ruwan famfo na riƙa ƙara mata," ya ce.

"Kai?" Kawu ya miƙe tsaye. "Kai da ka kori ma'aikaci saboda ya ɗebo ruwan famfo? Shekara nawa kana cika mana kunne?"

"Tsufa ne."

"Tsufa ba hauka ba ne, Malam. Kuma ruwan famfo ba ya yin wannan."

"Na ce maka tsufa ne."

Kawu ya girgiza kai, ya shiga tattara sifanu. Na ga yadda ya kalli Baba, kallon tausayin da ake yi wa wanda aka fara cire rai da hankalinsa, kuma Baba ya ga kallon ya haɗiye.

Na san ƙarya ya yi, domin jarkokin Umma har lokacin akwai saura. Da suka fita wanke hannu, na je kanta na ɗauko sabon galan, na juya bayansa. Ban yi minti ɗaya ba na samu wurin, layi na shida ne. An rubuta cewa ba a yi shi don tsofaffin motoci masu lagireton tagulla ba, kuma kada a haɗa shi da irin ruwan da, domin yana iya daskarewa ya toshe hanyoyin ruwa. Na mayar da galan ɗin daidai inda yake, na juya rubutun ya kalli bango. Na yi sallama na ce ana jirana a kanti, alhali ranar Lahadi ce.

Mako uku na yi ina riƙe da bakina. Ni mai tsiwa, mai yi wa tsofaffi wa'azi a kan kwalin magani, na kasa furta jimla ɗaya. Na riƙa gaya wa kaina cewa in aka samu wani kan injin, maganar ta wuce, ba sai an tono ta ba. Kawu kuwa ya sa ƙafa. Ya zagaye duk wuraren da ake yanka tsofaffin motoci, ya kira mutanensa na wasu garuruwa, ni ma na aika hoton abin ga duk wanda na sani. Wani ya ce yana da shi, aka kawo, ashe na wata mota ce daban. A ƙarshe Kawu ya je bayan gidan maƙwabci, ya kori kaji, ya ɗaga bonet ɗin 'yar'uwar Kurciya. Babu komai a ciki sai ƙwai biyu. Mai gidan ya ce tun shekara goma da suka wuce ya sayar wa masu narka alminiyam suna yin tukwane.

A makonnin nan Baba ya daina saka takalmi. Da silifa yake yini, daga ɗaki zuwa benci.

Ranar Lahadi ta huɗu na same shi a gareji da jak. Ya ɗaga Kurciya, yana tura bulo a ƙarƙashinta, don kada tayoyi su lalace da zama. Uku ya saka, yana fama da na huɗu, yana nishi saboda bayansa. Na durƙusa na tura masa. Da ya sauke jak ɗin, motar ta zauna a kan bulo, maganar da na riƙe mako uku ta ƙwace mini.

"Baba, ba ruwan famfo ba ne."

"Na sani."

"Ban karanta ba. Ranar nan a shago, ban karanta ba. Kallonsa kawai na yi."

"Na sani, Uwata. Tun da na ga abin da ya fito daga tiyo na sani." Ya goge hannunsa da tsumma, yatsa bayan yatsa. "Komai na zarga a motar nan, har hannuna na zarga. Ruwan ne kaɗai ban zarga ba, tunda ke kika duba."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Halina ne in kunya ta kama ni sai ta juye ta zama faɗa, kuma ranar ma bai bar ni ba.

"To amma kai ma, Baba, da ka dawo gida ai tabarau ɗinka yana nan. Wata biyar galan ɗin yana kan kanta. Me ya hana ka juya shi ka duba da kanka? Layi na shida ne fa, ba a ɓoye yake ba."

Ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro tabarau ɗin, ya miƙo mini.

"Saka."

Na saka. Garejin bai canza ba ko kaɗan. Bencin yana inda yake, girmansa ɗaya, rubutun kalandar bango bai ƙaru ba bai ragu ba. Na cire na duba, na sake sakawa. Gilashi ne kawai, irin na taga.

"Uwarki ce ta saya mini," ya ce, "shekarar da muka yi aure. Ta ce don in samu abin da zan riƙa mantawa."

Na dubi kantar littattafan nan, manya-manya, gefensu ya yi baƙi da man hannunsa. Na tuna safiyoyin da nake leƙowa in tsokane shi. Na tuna takardun makarantata da yake riƙewa ya daɗe yana gyaɗa kai, sannan ya ce in kai wa Umma ita ma ta gani. Shekara talatin da shida ina 'yarsa.

"Kawu ya sani?"

"Ba wanda ya sani. Ita kaɗai ce." Ya ɗan yi murmushi. "Ina shekara bakwai aka kai ni gareji. Lambar sifana na sani, ita ma da siffarta na gane ta. Uwarki ta yi ta fama in koya, ni kuma ina jin nauyi, ina cewa sai an samu lokaci. Ga ta nan kullum a gefena, ina ruwana da sauri?"

"Da ka faɗa mini, Baba. Wallahi da ka faɗa mini, da na zauna a ƙasan shagon nan na karanta maka har lambar kamfani."

"Ai na faɗa miki iyakar yadda na iya. Sau biyu na tambaye ki."

Na zauna a kan jak ina kuka, irin kukan da ban yi ba tun rasuwar Umma, shi kuma yana tsaye yana jira in gama, kamar yadda yake jiran inji ya huce kafin ya taɓa shi. Baƙin cikina ba na motar ba ne kaɗai. Sau ɗaya a rayuwarsa mahaifina ya miƙo mini abin da ya fi ƙarfinsa, ni kuma ina waya.

Da na yi shiru, ya je kanta ya ɗauko sabon galan ɗin. Ya zagaya motar yana murɗa gilasan tagogi sama ɗaya bayan ɗaya, har ya tabbatar babu inda ko ɗan tsako zai shiga. Sannan ya buɗe ƙofar direba ya shiga da ƙyar, domin bulo ya ƙara mata tsayi. Ya miƙa hannu ya buɗe mini ɗaya ƙofar.

"Shigo."

Tun da Umma ta rasu ban zauna a kujerar nan ba. Har yanzu tana ɗan kwance, yadda ya gyara mata ranar da muka dawo daga asibiti. Ya ɗora mini galan ɗin a cinya, bayansa yana kallona. Ya karɓi tabarau ɗinsa ya saka, ya dafa sitiyari da hannu biyu.

"Karanta mini."

"Baba, me zai amfana yanzu?"

"Ina so in ji abin da ya kashe ta. Daga farko."

Na fara. Ina karantawa ina fassarawa, ina haɗa layi biyu a numfashi ɗaya don in gama in huta. Ban kai layi na huɗu ba ya ɗaga yatsa.

"A hankali," ya ce. "Ita tana tsayawa a ƙarshen kowane layi, sai na gyaɗa kai sannan ta ci gaba."

Na koma farko. Na karanta layi na ɗaya na tsaya. Ya lumshe ido, ya gyaɗa kai. Na karanta na biyu. Da na zo na shida na karanta shi duka, ban rage ko kalma ba, na tsaya ina jira. Ya daɗe bai motsa ba, har na ɗauka ba zai gyaɗa ba, sannan ya gyaɗa. Haka muka bi layi talatin da ɗaya, har gargaɗin a nisanta shi daga yara, har adireshin kamfani.

Na kife galan ɗin a cinyata. Idonsa yana rufe, hawaye yana bin ƙasan gilashin nan da ba ya ƙara komai.

"Muryarki irin tata ce in ba kya sauri," ya ce. "Sake karantawa."